Na fasa wa aminina baki a kan waya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Lawal, ina sayar da takin zamani a Daura, ina da rumfa a Mai'adua da wata a Mashi.

Katin waya da kuɗin manhaja suna cinye mini riba. Sai aminina Sabi'u ya mayar da tsohuwar kwamfutata saba, wato uwar na'urar da wayoyinmu za su riƙa bi ta kanta, ya sa mata manhajar kyauta, ya haɗa shagon Daura da rumfunan biyu muna kiran juna ta intanet. Na samu sauƙi sosai.

Ranar Lahadi, ana cin kasuwar Mai'adua, wayoyin suka mutu gaba ɗaya. Dillali ya neme ni bai samu ba, cinikin mota guda ya kuɓuce. Da Sabi'u ya shigo, ko sallamarsa ban amsa ba. Na shaƙe wuyan rigarsa, na buga shi da bango, na naushe shi a baki. Haƙorinsa ya fita, jini ya wanke masa gaban riga. Na ɗaga kujera, maƙwabta suka riƙe ni.

Bai rama ba. Ya tofar da jini, ya leƙa bayan tebur, ya ce, "Lawal, wa ya zare wannan?"

Ni ne. Da safe na zare wayar wutar kwamfutar na jona fanka.

Ya mayar da ita, wayoyi suka dawo, ya fita. Yau kwana tara ba ya ɗaukar kirana. Masu sauraro, ku ba ni shawara, da wane ido zan je gidansa? Sabi'u, in kana ji, don Allah ka yafe mini.