Kifin Katako a Babban Yatsa

A bencin asibiti, wata tsohuwa ta kasa ɗauke ido daga hannun maƙwabcinta. Kifin katako ne ke reto a babban yatsansa, ƙugiya ta nutse cikin nama.

"Ɗan nan, laya ce?"

"Tarko ne, Inna, ni na sassaƙa. Babban kifi zai zaci na gaske ne, ya haɗiye."

"Kifi na cin katako?"

"Ai bai san katako ba ne."

"Ikon Allah. Tsutsa ta ƙare ne?"

"Surukina ke sa tsutsa. Shi ya ce kafinta ba ya iya kamun kifi."

Ta sake duban yatsan, kanta ya ƙara ɗaurewa.

"To, nawa ka kama?"

"Ni kaɗai, Inna. Kuma surukin ne ya kawo ni asibiti."