Takardar da Yaya Ya Ɓoye

AUTA: Salamu alaikum. Yaya, ina kwana?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta? Lafiya lau. Kin tashi lafiya?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya Anti da yara?

YAYA: Suna nan lafiya. Ya ƙafar Umma?

AUTA: Da sauƙi, yau har ta taka zuwa tsakar gida.

YAYA: Madalla. Wai ƙarar me nake ji haka? Ba ki buɗe shago ba?

AUTA: Makullin yana wurin telan da ke kusa da mu. Ni ina cikin mota.

YAYA: Cikin mata? Waɗanne mata?

AUTA: Mota, Yaya! Mota! Na ga takardar.

YAYA: Wace takarda kuma?

AUTA: Ta makarantar koyon aikin lantarki. Jiya na ɗaga kwalin wayoyin wuta zan yi shara, sai ga ta a ƙasa, da sunana, an riga an farke ta. Sati uku tana nan!

YAYA: Ke, saurara...

AUTA: Mu ɗari uku muka ci jarrabawar nan, aka jefa ƙuri'a, mutum ashirin kawai aka ɗauka. Sunana ya fito, kai kuma ka danne ta da kwali! Yau ƙarfe huɗu za a rufe rajista. Da ban yi sharar nan ba fa?

YAYA: Ni kike ɗaga wa murya? Shekararki sha bakwai! Garin da ba ki san kowa ba, ki je kina hawa turakun wuta cikin maza? Kin manta ɗan maƙwabcinmu da wuta ta ja? Har yau hannunsa bai miƙe ba!

AUTA: Shi ba a koya masa ba. Ni koyo za ni. Wa ke gyara fankokin da kake karɓa a shago? Kai ne?

YAYA: Kai! Lallai yarinyar nan idonki ya buɗe. Tun rasuwar Baba wa ke tsaye a kanku? Don na kare ki...

AUTA: Da ka kira ni ka ce min a'a ido da ido, da na yi kuka na haƙura. Amma kullum ina tambayarka ko saƙo ya zo, kana cewa in ci gaba da addu'a!

YAYA: Ba direban waya. Na ce ba shi waya, ya sauke ki yanzu!

AUTA: Me? Ba na ji, mun shiga kwari.

YAYA: Ƙarya kike, kina ji sarai! To je ki. Ba za su karɓe ki ba sai da sa hannun babba, ni kuwa ba zan sa ba.

AUTA: Umma ta dangwala yatsa tun da safe.

YAYA: Umma? Umma ta sani?

AUTA: Ita ta ɗaure min jaka. Ta ce in na yi nisa in kira ka da kaina, kar ka ji a bakin wani.

YAYA: Haka kuka yi min? Shi ke nan. Wallahi ba ruwana! Ko mayafin kirki kin ɗauka? A wace tasha za ki sauka? Akwai wani abokina da zai iya...

AUTA: Yaya, katina ya kusa ƙa...

YAYA: Wace tasha, na ce? Auta! Auta?