Murfin da Aka Ɗora wa Ramin Taki

Mai girma shugaban unguwa, malam liman, dattawa, shugaban masu lambu, da ke Yaya, matar marigayi, da 'ya'yanki, ina yi muku sallama.

An ce ni zan yi magana saboda benci ɗaya muka zauna da shi a makaranta. Na yi shekaru ina rubuta wa manya jawabin da ba su yarda da shi ba. Yau kam nawa zan faɗa. Mutumin da muka gaisa da shi da safe, kafin azahar an ce mu zo mu ɗauki gawarsa!

Sarkin Juji muke ce masa, shi kuwa ya amsa da dariya. Ya kasance mai bin gidajenmu da baro, yana karɓar ɓawon ƙwai da ɓawon ayaba da tokar murhu da kashin kaji. Ya jera su hawa-hawa da busasshen ganye, ya yayyafa ruwa, ya riƙa juyawa har su koma baƙar ƙasa mai laushi. Na taɓa ce masa, "Kai, da karatunka ka ƙare a bola?" Ya cusa hannuna cikin tarin, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya ce, "Tsoho, wannan dahuwa yake. Kai da ofishinka me kuka taɓa dafawa?"

Ya kasance ba ya hana kowa. Lokacin da takin kanti ya fi ƙarfinmu, wane ne a nan bai aika da bokiti ba? Tumatir da alayyafon bayan gidajenmu, wa ya ciyar da su?

Ya kasance mai haƙuri, haƙurin kuwa shi ya ci shi. A lambunsa akwai ramin da yake jiƙa kashin kaji da ganye, ya ɗebo ruwan a tsarma a ba shuka. A buɗe yake, iska na kwashe warin. Sai aka fara ƙorafi. A taron unguwa wani ya miƙe ya ce, "Baƙina suna toshe hanci, wallahi kunya nake ji." A ƙofar gidan mai maganar kuwa kabeji ne reras, da takin marigayi ya girma. Aka ce ko a rufe ramin, ko a tashi lambun. Marigayi ya ce, "Ramin nan yana son numfashi fa." Aka yi dariya. Ya je ya zuba murfin siminti.

Ranar da ya rasu, ya ɗaga murfin, ya sunkuya da guga. Iskar da ta taru a ciki ta ɗauke masa numfashi, ya faɗa. Haka likita ya ce. Yaya ce ta same shi da ta kai masa ruwan sha. Kwana ya ƙare, mun yarda. Amma murfin nan ba daga sama ya faɗo ba.

Abin da ya fi girgiza ni, da nake shigowa na ga motar yashi a bakin lambun. An ce gudummawar unguwa ce, a cike ramin, a kwashe tarin takin, kowa ya huta. Ko zaman makoki ba a tashi ba!

Yaya, da lambun nan kike ciyar da yaran nan. In aka kwashe takin, baɗi ƙasar ba za ta ba ki ko ganye ba, waɗanda suka aiko da yashi kuma ba za su aiko da cefane ba. Kada ki yarda. A fasa murfin, a kewaye ramin da shinge, a bar shi ya sha iska. Gobe da hantsi zan zo da guduma. Wanda warin ya dama, ya dawo da bokitinsa ya faɗa miki ido da ido.

Na gode da kuka saurare ni, har da waɗanda suka sunkuyar da kai. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Allah ya sa mu ji kunya tun muna da rai. Amin.