Labtun Raƙumi a Kan Rimorki

A tashar Dakoro, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, na saurari wani dattijo da wani direba a gefen wata mota mai jan rimorki, wato tirelar kaya, bayan motar a ƙasa, hancinta a sama.

"Baba, wa ya yi wannan lodi?"

"Ga mai laifin gabanka, Jimrau sunana. Shekara talatin ina labta wa raƙuma kaya, ko ɗaya bai taɓa karkata ba. Dubi geron: buhu shida dama, shida hagu."

"Dama da hagu sun yi. Amma duk ka tara su gaba, bisa ƙugiya. Nauyin ya danne bayan mota, ƙafafun gaba ba su kama ƙasa. Mai da rabi tsakiyar rimorkin."

"Raƙumi in na cuce shi, kuka yake yi. Wannan ta yi shiru, na ɗauka yabo ne. Yau na fara aikin nan. In mai motar ya dawo ya gani, yau zan gama shi."

"To kama, mu sauke kafin ya zo."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Amma in ya iske mu, kai ka yi na farko, ni nake gyarawa."