Fatalwar da Ta Kira Zulai

Tunkiya ɗaya na sayar, ita ce kuɗin motata zuwa Inugu. Mijina ya rasu, na bar 'yata mai shekara uku wurin innata, na bi Yaya Sale mai fataucin shanu. Ku 'yan waya ba ku san nisa ba. Lokacin, wanda ya tafi ya tafi.

Abinci nake dafa wa masu fim, irin fim ɗin nan na araha, na yaƙin basasa da fatalwowi. Bindigar katako, jini kuwa zoɓo ne, ni nake dafa musu. A jikin kwalin kasetinsu na koyi haɗa baƙi. Idan darakta ya ƙwala "Akshan!" ni "akushi" nake ji, in taho da kwano a guje. Su yi ta dariya. Ba mai Hausa ko ɗaya, Yaya kullum yana hanya. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai Ubangijina.

Rannan darakta ya ce da turancin buroka:

"Madam, za ki yi fatalwa. Matar da soja suka kashe."

"Oga, me zan ce?"

"Komai! Da yarenku dai, ya ba da tsoro."

Na yi istigfari, suka bulbule ni da farar hoda. To kun san 'yata 'yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba, kunya. Amma a nan wa zai ji? Na buɗe baki: "Zulai! Zulai, kin ci abinci? Ina nan zuwa." Hawaye na wanke hodar, darakta na ta tafa hannu.

Wautata, da kaset ya fito sai na aika gida, wai ta ji muryata kada ta manta ni. Aka kunna mata a gidan maƙwabta.

Bayan shekara biyu na dawo. Ina yin sallama yarinya ta ƙwalla ƙara, ta shige bayan Inna. Fuskar ba ta sani ba, muryar ta gane.

Kwana tara ina ba ta tuwo bakina a rufe. Ran na goma ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Ke ce kika mutu?"

A hankali na ce, "Ban mutu ba. Ci-rani na je."

Sai ta ce, "To kar ki ƙara."