Ƙafar Baba, Ƙafata, da Gwaggo Saratu

Salama gare ku a cikin sunan Yesu, 'yan'uwana. Ni ne Yohanna mai tasi, wanda ke zama kujerar baya kusa da ƙofa. Yau Fasto ya ce in zo gaba, ga shi na zo, amma ku yi haƙuri idan numfashi ya tsayar da ni.

Mahaifina ya rasu a ƙauyenmu na kudancin Kaduna da ƙafafu kumburarru. Ba a kai shi asibiti ba. Dattawa suka duba, suka ce ya taka abu. Wa ya binne? Kowa ya juya ya kalli ƙanwarsa, Gwaggo Saratu, don sun taɓa yin rigima a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gona. Daga ranar ba mai cin abincinta, ba mai zama kusa da ita a coci. Ni da bakina na ce kada ta taka wurin jana'iza.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Bara sai takalmina ya fara matse ni. Na sayi babba, shi ma ya matse. Matakalar gidanmu a garin Upper Marlboro, nan Amurka, ta gagare ni, sai na zauna a tsakiya in huta. Na kalli ƙafata, na ga ƙafar Baba sak. Na ce wa matata Rifkatu, "Matar nan ta biyo ni har Amurka."

Rifkatu nas ce, ba ta da lokacin irin wannan magana. Ta ce, "Baban Hannatu, tsohuwar da ko Abuja ba ta sani ba? Sa rigarka mu tafi asibiti."

A fom ɗin asibiti an tambaya ko akwai mai ciwon zuciya a danginmu. Na rubuta babu. A ganina gaskiya na faɗa, tunda mu a wurinmu sammu ne ya kashe Baba. Wannan kalma ɗaya ta ci mini wata bakwai. Aka yi ta ba ni maganin hawan jini, ana canzawa, ina ƙara kumbura. Hoto ya nuna bangon zuciyata ya yi kauri, amma ba a san dalili ba. Na yi azumi, na sha man zaitun, na shafa. Shiru. Na tsorata, 'yan'uwa, na tsorata ƙwarai!

Ƙarshe likita ta ce za su tsinko 'yar tsoka daga cikin zuciyar su duba. Ranar da aka yi, ina kwance ido biyu, aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyana. An hana ni motsi, ko juya kai ba dama. Ni da na saba riƙe sitiyari, ranar ba abin da ke hannuna. Addu'ar da na saba yi ita ce Allah ya mayar wa maƙiyi da kayansa. A kan gadon nan ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Yesu, ban san komai ba. Ka nuna mini."

Bayan kwana tara likita ta kira mu. Ta ce sun zuba wa tsokar, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, wani jan rini, suka haska ta, sai ta yi kore. Wani abu ne mai suna amiloid yake taruwa a naman zuciya har ya sandare. Gwajin jini ya nuna gadonsa na yi. Ta ce, "Ka tabbata babu wanda ya taɓa kumbura haka a gidanku?"

Rifkatu ta kalle ni. Kunya ta rufe ni.

Ban warke ba, kada in yi muku ƙarya a gaban Allah. Maganin yana rage wa ciwon gudu ne kawai. Tasi na ajiye. 'Yata Hannatu ma za ta yi gwaji, kuma ba abin da zan iya yi a kai.

Amma na nemi lambar wani maƙwabcin Gwaggo, ya kai mata waya. Na ce, "Gwaggo, Yohanna ne. Ba ke ba ce. Ciwo ne a jininmu. Ki yafe mini."

Sai ta ce, "Ɗana, ƙafar taka na yi maka nauyi da safe?"

Na ce, "Sosai, Gwaggo. Ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Tawa ma shekara biyu ke nan. Na ɓoye ta a zane, kada a ce abina ne ya dawo mini."

Na gode wa Ubangiji da ya buɗe mini ido tun tana da rai. Ku dogara gare shi ko da amsar da ya ba ku mai ɗaci ce. Ku sa Gwaggo Saratu a addu'a, don maganin da nake sha babu shi a inda take. Amin.