Dakta Zai Ɗauki Kwalin Takalma

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, gaisuwa daga Guangzhou.

Ƙanena dakta ne, yana koyarwa a wata jami'ar Katolika a Amurka. Shi ne mai ce mini ɗan sakandare a gaban mutane. Bana ya rubuta a jarida wai inshorar ma'aikata ta riƙa biyan kuɗin zubar da ciki, jami'ar ta kore shi. Ya bugo waya: "Yaya, sun danne 'yancin malami. Ka ba ni aiki."

Na ce, "Taho, Dakta. Kwalayen takalma na jiranka a kasuwar Zhanxi, kuma laoban za ka riƙa ce mini, wato maigida."

Hajiyarmu tana kuka, wai na wulaƙanta shi. Masu sauraro, in rage masa kwali ɗaya, ko ya ɗauke duka?